Mudu Biyu: Tarihin Kallon da Muke wa Juna Tsakanin Sabo da Sabon Gari

Duk wanda ya taɓa zama a kasuwar hatsi ya san irin ɗan kasuwar nan mai mudu biyu. Yana da babba na saye, yana da ƙarami na sayarwa, kuma in ka gan shi a sahun gaba a masallaci ba za ka ce shi ne ba. Tun muna Islamiyya malamai suka karantar da mu Suratul Muɗaffifina, suka faɗa mana azabar da ke jiran mai tauye awo. To amma akwai wani mudu biyun da ba a rumfa ake ajiye shi ba, a zuciya yake, kuma da shi muke auna mutane. In namu ya yi laifi sai mu ce halinsa ne shi kaɗai, in na wata ƙabila ya yi irinsa sai mu ce ai haka suke. Su ma can da irin wannan mudun suke auna mu. Abin da nake so mu duba a wannan fitowa shi ne tarihin wannan ciwo tsakaninmu da mutanen da muke zaune a ƙasarsu: daga ina ya taso, me ya jawo mana, kuma da wace dabara iyayenmu suka zauna lafiya duk da yana nan.

Mu fara da sunaye, domin a nan abin ya fi ɓuya. A ƙasar Yarbawa ana ce mana Gambari. Asalin sunan nan ba zagi ba ne. A Ilori akwai unguwar Gambari, kuma Balogun Gambari yana cikin manyan Balogun huɗu na masarautar, tare da Alanamu da Ajikobi da Balogun Fulani. Amma yau in yaron mota ya ce maka Gambari a tasha, kai da shi kun san ba sarauta yake nufi ba. Haka kalmar aboki. A wurinmu kalma ce mai daraja, amma a Ikko da Fatakwal ta koma sunan mai gadi da mai gyaran takalmi da mai tura baro, wato mutumin da ake ganin bai waye ba. Mai faɗar kalmar sau da yawa da murmushi yake faɗa, kuma in ka ce ya raina ka sai ya rantse bai nufi komai ba. To wannan shi ne ɓoyayyen raini, wanda mai shi ma bai san yana ɗauke da shi ba.

Kafin mu yi fushi, sai mu leƙa namu bakin. Sunan da muke kiran Ibo da shi, wato Inyamiri, daga maganarsu ta roƙon ruwan sha aka samo shi. Mutum ya zo da ƙishirwa ya ce a ba shi ruwa, roƙon nasa ya zama sunan da ake kiran jikokinsa da shi. In yaro ya kasa gane magana mu ce kai Bagware ne, in harshensa ya karkace mu ce yana gwaranci. Wanda ba Musulmi ba kuwa, ko da malamin asibiti ne da ya yi wa 'ya'yanmu magani, in ya juya baya sai ka ji an ce arnen nan. Daɗin daɗawa, tun muna yara muke haddace Hausa Bakwai da Banza Bakwai, ba mu taɓa tsayawa mun tambayi kanmu su wa aka ce wa banza ba. A ciki akwai Kabi, wadda a zamanin Kanta, cikin ƙarni na 16, ta gagari maƙwabtanta. Akwai Kwararrafa da ta sha kai wa Kano yaƙi a ƙarni na 17. Akwai Nufe mai aikin tagulla da ƙarau a Bida, akwai Zamfara da Yawuri da Gwari, sa'an nan akwai su Yarbawan da muke cin abinci a ƙasarsu yau.

Abin mamaki, shi kansa sunan Yarbawa daga bakin mutanen Arewa duniya ta san shi. Da farko mutanen Oyo kaɗai ake nufi da shi, sai daga baya masu wa'azin Kirista irin su Samuel Ajayi Crowther, wanda ya buga littafin kalmomin harshen a 1843, suka yaɗa shi har ya game Egba da Ijebu da Ekiti da sauransu. Ɗaya daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen da sunan ya fito a ciki shi ne na Shehu Ahmad Baba na Tambutu, kuma labarin wannan littafi ya shafi maganarmu kai tsaye.

Mutanen Tuwat, can cikin Sahara, sun aiko wa Shehun tambaya a kan bayin da ake kawo musu daga ƙasashen baƙar fata. A lokacin da yawa daga masu sayen bayi a can sun ɗauka duk baƙin mutum bawa ne tun asali. Ahmad Baba, wanda shi kansa ya sha zaman kamu a Maroko bayan da sojojinta suka ci Songhai a 1591, ya ba su amsa a littafinsa Mi'irajus Su'ud. Ya nuna musu cewa launin fata ba hujjar bauta ba ce, ya ƙaryata tatsuniyar da ke cewa an la'anci baƙaƙe tun daga ɗan Annabi Nuhu, ya kuma lissafa mutanen Kano da Katsina da Barno da Songhai a cikin Musulmi 'ya'ya waɗanda bai halatta a mallake su ba. Ka ga ashe kakanninmu ma an taɓa yi musu kuɗin goro, sai da malami ya tashi ya kare su da alƙalami. A cikin littafin nan dai ya sa Yarbawa a jerin waɗanda ba su musulunta ba a zamaninsa. Yau kuwa je ka Badun ko Iwo ko Ede ko Epe ka ƙirga masallatai da makarantun Arabiyya. Hukuncin da aka yanke wa al'umma shekara ɗari huɗu da suka wuce ba ya zama a kanta har abada.

To yaya aka yi muka zo Kurmi, kuma da wane ido aka fara ganinmu? Gaskiya ita ce ba duka kakanninmu ne suka zo da jaki da kaya ba. A tsohuwar Oyo akwai Hausawa bayi masu yawa, suna kiwon dawaki, suna wanzanci, suna tufkar igiya, kuma da yawansu sun gudu Ilori a 1817 lokacin da Afonja ya yi wa Alafin tawaye tare da goyon bayan Shehu Alimi. A Ikko kuma, a 1863, wani Bature mai suna Glover ya tara Hausawa gudaddun bayi ya kafa ƙaramar runduna da su, wadda daga gare ta ake lissafa asalin sojan Nijeriya. Da irin waɗannan dakaru Turawa suka yaƙi Ijebu a 1892. Ke nan Bayarabe na wancan zamani ya san Bahaushe ta fuska uku: bawan gidansu, ko ɗan tawayen da ya taimaka aka rushe Oyo, ko kuwa mai bindigar Bature. Ba a buƙatar dogon tunani a gane irin labarin da kaka za ta riƙa ba jikokinta da dare.

Fatauci ne ya kawo fuska ta huɗu. A da fatakenmu Gwanja suke zuwa sayen goro, tafiyar watanni. Da aka fara noman goron nan mai kyau a Agege da Ota da Shagamu da kewayen Abekuta, kuma jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901, ya kai Kano a 1911, sai hanya ta juyo nan. Shanu su gangaro, huhunan goro su hau. Hausawan farko a Badun a cikin gari suka sauka, a gidajen Yarbawa, wajejen Oja'ba. Da baƙi suka yi yawa sai aka shiga kukan sata da fasa gidaje, kuma aka ɗora laifin a kan Hausawa. Babu shakka a cikin baƙi akwai ɓata-gari, kowane ayari da irin nasa, amma ƙarar da aka kai wa hukuma ba ta ware kowa ba. Ƙarshenta a 1916 aka yanka fili wajen Mokola aka ce Hausawa su koma can ƙarƙashin sarkinsu. Sabon da muke alfahari da ita yau, wani ɓangare na asalinta zargi ne.

A daidai wannan lokaci ana yin irin haka a Arewa. A 1913 aka yanka Sabon Garin Kano a bayan ganuwa domin ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna da 'yan kasuwa mutanen Kudu, aka yi irinta a Zariya da wasu garuruwan. Turawa sun ce don kiyaye addini da al'adar mutanen birni suka yi haka, sarakuna ma ba su ƙi ba. Amma duba sakamakon. Yaro ya tashi a cikin birnin Kano, bai san komai game da Ibo ba sai abin da ya ji ana faɗa a kan gidajen giya na Sabon Gari. Yaro ya tashi a Badun, bai san komai game da Bahaushe ba sai mabaratan da yake gani a bakin Sabo. Kowa ya ɗauki mafi munin abin da ya hango daga nesa ya ce shi ne halin mutanen. Masu iya magana sun ce mai nesa shi ke jin kiɗa da daɗi, amma a wannan harka mai nesa shi ke jin ƙarya ya gaskata.

Duk da haka akwai wurin da mudu biyu bai yi aiki ba, wato kara. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabon Badun a 1962 zuwa 1963, lokacin mutanen unguwar kimanin 4,000 ne, ya rubuta littafi a kan yadda iyayenmu ke kasuwanci, aka buga shi a 1969. Abin da ya bayyana duk wani tsohon dillali ya san shi. Bafatake ya kawo shanu daga Arewa, ba zai iya riƙe su da daɗewa ba saboda ƙudan tsando da ciwon sammore, tilas a sayar da wuri. Mahauta kuwa Yarbawa ne, kuma ba su da kuɗi a hannu sai sun yanka sun sayar. Saboda haka bashi ake ba su na 'yan makonni, ba takarda, ba sa hannu, mai gida shi ke tsaya wa baƙonsa lamuni. In mahauci ya gudu, mai gida ne zai biya.

To ka tambayi kanka, da dillalin wancan zamani ya ce duk Bayarabe macuci ne, wa zai sayar wa? Da kuma ya ce duk Bayarabe amintacce ne, kwana nawa zai yi bai karye ba? Dole ta sa ya san kowane mahauci shi kaɗai: ina rumfarsa, shanu nawa yake iya yankawa a mako, wa yake binsa bashi, ya taɓa saɓa alkawari ko bai taɓa ba. Wanda ya cika alkawari a ƙara masa, wanda ya yi wasa a janye masa hannu har sai ya biya. Da wannan aka yi shekaru ana juya dukiya mai yawa tsakanin mutanen da ko harshen juna ba su ji sosai. Wato a inda kuɗinmu yake, mun iya auna mutum da aikinsa. Sai in an tashi daga kasuwa an zauna hira a ƙofar gida ne muke komawa ga ai haka suke.

A ƙasar Ibo ma an taɓa ganin haka, har a siyasa. Malam Umaru Altine, Bafulatanin ƙasar Sakkwato mai fataucin shanu, ya zauna a Inugu, ya shiga jam'iyyar NCNC ta Dokta Nnamdi Azikiwe, ya yi aiki a reshen matasanta, kuma a shekarun 1950 shi ne ya zama magajin garin Inugu na farko. Mutanen da suka ɗaga shi sun san garinsu ne, sun san shi baƙo ne, amma abin da suka gani a hannunsa suka bi. Yana da kyau matasanmu su san wannan suna, musamman masu cewa Ibo ba ya taɓa son ɗan Arewa.

Sai dai tarihi ya nuna cewa rainin da ake ajiyewa a zuciya kamar garwashi ne a cikin toka, iska kawai yake jira. A ranar 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo shawara a majalisa a Ikko cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Wakilan Arewa ƙarƙashin Sardauna suka ƙi amincewa da sa rana, 'yan gari suka yi musu ihu da zagi. A watan Mayu jam'iyyar Action Group ta tura tawaga Kano ƙarƙashin Samuel Akintola, sai rikici ya tashi, aka kwana huɗu ana yi, kuma bisa lissafin gwamnati mutum 36 suka mutu. Ga abin lura a nan: jam'iyyar da ta zo ta Yarbawa ce, amma yawancin faɗan da Ibo na Sabon Gari aka yi shi. Da fushi ya tashi ba wanda ya tsaya tambaya, mutumin Kudu duk ɗaya ne. Abin da ya faru a 1966 kuwa ya fi wannan muni nesa ba kusa ba, dubban Ibo da ba su san hawa ba ba su san sauka ba suka rasa rayukansu a garuruwan Arewa saboda abin da wasu hafsoshin soja suka aikata, aka kuma taɓa namu a Gabas, daga nan ƙasa ta faɗa yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970.

Mu da muka yi wayo kafin 1999 ba mu manta da Shagamu ba. A watan Yuli na shekarar, a lokacin bikin Oro, aka zargi wata Bahausa da fitowa da dare aka kashe ta, gari ya kama da wuta a inda Hausawa da mutanen Remo suka daɗe suna cinikin goro tare. Da gawarwaki da 'yan gudun hijira suka isa Kano, sai aka far wa Yarbawan can, tela da makanike da mai sayar da abinci, waɗanda wasunsu ko hanyar Shagamu ba su sani ba. A watan Fabrairu 2021 ga Shasha nan kusa da mu: cacar baki tsakanin mai dakon tumatir da wata mai shago, wani ya shiga tsakani ya rasa ransa, kafin a ankara kasuwa ta ƙone, Gwamna Seyi Makinde ya rufe ta, gwamnonin Arewa suka zo jaje. A watan Maris 2025 kuma a Uromi ta Jihar Edo, 'yan sintiri suka tare motar mafarauta da suka taso daga Jihar Ribas za su gida Kano yin Sallah, aka ga bindigogin farauta, aka ce masu satar mutane ne, aka kashe mutum 16 ba tare da an kai su gaban kowa ba. A duk waɗannan, hukuncin an riga an yanke shi a zuci tun kafin ranar. Abin da ya faru a ranar dalili kawai ya zama.

Kada kuma mu ɗauka tsakaninmu da wasu ƙabilu kaɗai ciwon yake. A cikin Sabo ma yana nan. Ɗan kaka-gida yana kallon ɗan ci-rani a matsayin baƙauye mai jawo mana magana, shi kuma ɗan ci-rani yana cewa Hausar 'yan Sabo ta gurɓace. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan in sun je Arewa a ce musu Yarbawa, a nan kuma a ce musu Gambari. In maganar aure ta taso sai ka ji ana raɗa cewa gidan mahauta ne, ko gidan wanzamai, ko asalinsu bayi ne, alhali yaron yana salla, yana da sana'a, ba a taɓa kama shi da abin kunya ba. Mai wannan tunani ya tuna da Agalawa, waɗanda kakanninsu suka gangaro daga ƙasar Abzin ba su da wata sarauta, suka riƙe fataucin goro da gaskiya. Daga cikinsu Alhasan Ɗantata ya fito, aka haife shi a Bebeji, kuma kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi a cikin mafiya arzikin Afirka ta Yamma. Da masu ba da kaya sun tsaya binciken kakanninsa, da ba a san sunan ba.

To mene ne abin yi? Ni ɗan kasuwa ne, saboda haka shawarata ta kasuwa ce. Na farko, mu ɗauko awon kara mu kai shi ƙofar gida. In wani ya cuce ka, kira sunansa shi kaɗai, kada ka kira sunan ƙabilarsa. Na biyu, in labari ya zo a waya cewa ana kashe namu a wuri kaza, a tsaya a bincika kafin a tura wa wani. Suratul Hujurati ta yi umurni da tantance labari, ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi da yawan zato, kuma Suratul Ma'ida ta hana ƙin mutane ya sa a bar adalci. Duk mun karanta, saura aiki. Na uku, mu kula da abin da muke faɗa a gaban yara, domin yaron da ya tashi yana jin arne da Inyamiri a bakin ubansa, ranar da rikici ya tashi ba sai an koya masa wanda zai jefa ba. Na huɗu, in ɓata-gari ya fito daga cikinmu kada mu ɓoye shi don namu ne, a miƙa shi ga Sarki da hukuma. Ɓoye ɓarawo ɗaya shi ke sa a kira unguwa duka ɓarayi, kuma mun ga yadda aka yi kafin 1916. Na biyar, shugabannin ƙungiya su riƙa ziyartar Baale da shugabannin kasuwa da limaman Yarbawa da na coci tun ana zaman lafiya, domin ba a fara neman maƙwabci ranar gobara.

Sa'an nan mu ma muna da haƙƙin mu nemi a auna mu da mudun gaskiya. Wanda kakansa ya zo Sabo tun zamanin Bature, aka haifi ubansa a nan, yake biyan haraji a nan, bai kamata a riƙa tare shi a hanya ana tambayarsa daga ina ya fito ba. Amma bakinmu zai fi ƙarfi wajen faɗar haka in Bayarabe da Ibo na Sabon Gari suna samun irin abin da muke nema a nan. Abin da ka shuka shi za ka girba, kuma duk abin da aka yi a Kano a Sabo ake biyan bashinsa, abin da aka yi a Sabo kuma a Sabon Gari ake biya.

Allah Ya ba mu ikon yin adalci ga wanda muke so da wanda ba mu so, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a waɗannan fitinu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalamu alaikum.